Layukan Baba a Katakon Ƙofa

MAMA: Salamu alaikum. Wa ke magana?

AUTA: Wa alaikumus salam. Mama, ni ne.

MAMA: Wa? Ɗaga murya, layin yana ƙara.

AUTA: Ni ne, Auta. Ina wuni?

MAMA: Auta, ɗan albarka. Lafiya lau. Ai wayar gidan yarin nan ba ta nuna lamba, saura kaɗan in ƙi ɗauka. Ya jikinka?

AUTA: Lafiya ƙalau. Ya gajiya? Ya ƙafar taki?

MAMA: Tana nan tana mulkinta. Wanda ya tsaya awa takwas yana ninke zannuwan asibiti ai ba ya tambayar ƙafa ra'ayinta. Kana cin abinci?

AUTA: Ina ci.

MAMA: Ƙarya kake, muryarka ta rame.

AUTA: Murya tana ramewa, Mama?

MAMA: Taka tana yi. Rigar sanyin da na aiko sun ba ka?

AUTA: Sun ba ni, sai dai sun zare igiyar wuyan. Ya Yaya da yaranta?

MAMA: Ga ta nan ma, ta zo tun safe. Suna gaishe ka.

AUTA: Ina amsawa. Baba fa? Yana wurin aiki?

MAMA: Yana... e, yana nan. Bai fita da bas yau ba, ya ɗauki hutu.

AUTA: Baba ya ɗauki hutu? Ba shi da lafiya ne?

MAMA: Lafiyarsa ƙalau. Ke, ɗaga ta mana, kar ki ja, za ki karce ƙasa. Yi haƙuri, da yayarka nake.

AUTA: Me kuke ja haka?

MAMA: Shara muke yi.

AUTA: Wannan ba ƙarar tsintsiya ba ce. Kujerar Baba ce, na san kukanta, mai guntuwar ƙafar nan. Ina za a kai ta?

MAMA: Gidan Baffanka. Kwana biyu kawai.

AUTA: Kujera ce za ta je ziyara?

MAMA: Kai dai ba ka rabuwa da tsurku, ko a ɗaure.

AUTA: Mama, katina na minti goma ne, biyu sun tafi a gaisuwa. Me ake yi a gidan nan?

MAMA: Lauya bai zo wurinka ba?

AUTA: Sai gobe da yamma ya ce.

MAMA: To, da ma shi ya kamata ya faɗa maka. Gobe da safe matar kotu za ta zo ta ga gida. Wadda ke rubuta wa alƙali rahoto a kan tarbiyyar mutum kafin a yanke hukunci.

AUTA: Na san da ita, ni ma za ta zo wurina jibi. To meye haɗin zuwanta da kujera?

MAMA: Ba kujera kaɗai ba. Takalman babanka, rigunan aikinsa, kayan askinsa, hoton nan na ranar da ka gama sakandare. Shi ma kansa zai kwana gidan Baffanka.

AUTA: Ban gane ba.

MAMA: Za mu ce mata ya bar mu tun kana shekara shida.

AUTA: Layin ya yanke. Za ku ce me?

MAMA: Ka ji ni sarai. Ya tafi kana shekara shida, in ya leƙo kuma a buge yake zuwa, ya yi duka ya fita. Ni na rene ku ni kaɗai, ina aiki dare da rana, ba mai kula da kai, titi ya ɗauke ka.

AUTA: Baba? A buge? Mutumin da ko lemon kwalba zai sha sai ya karanta abin da aka rubuta a jiki?

MAMA: Kar ka yi mini dariya, ba wasa nake ba.

AUTA: Ba dariya nake ba. Wa ya kawo wannan shawarar?

MAMA: Lauya bai ce mu yi ƙarya ba, yana da wayo. Cewa ya yi alƙalin nan yana sassauta wa yaron da ya taso a wahala. In rahoto ya nuna gida ya watse, ɗaurin talala za ka samu, ka dawo gida. In ya nuna gida lafiya lau, to ba ka da uzuri, shekara biyu ce. Ya faɗa ya tattara takardunsa, ya bar mu mu yi tunani.

AUTA: Amma Ɗan Likita fa? Tare muka yi, shi ya kawo motar. Nasa rahoton ai cewa ya yi ɗan gidan mutunci ne da ya yi tuntuɓe, shi ya sa aka ba shi sharar filin wasa na wata uku.

MAMA: Na tambayi lauya wannan, na manta a ƙasar fararen fata muke. Ya kalli hannuna, ya kalli nasa, ya ce, "Shi farar fata ne. Gidan mutunci shi yake ceton irinsa. Irinku tausayi ne ke ceto." Haka ya faɗa, bai ko ƙifta ido ba.

AUTA: Ku kuma kuka yarda.

MAMA: Kai ka san yadda matar nan ta fara da ni a waya? Ba ta ce mini mahaifinsa yana nan ba. Cewa ta yi, "Shekara nawa da tafiyar mahaifin nasa?" Babanka yana zaune gefena yana ɗaure igiyar takalmi zai tafi aiki. Ta riga ta rubuta labarinmu tun kafin ta ga ƙofar gidanmu, Auta. Ni dai zan sa hannu ne kawai in karɓi ɗana.

AUTA: Me kika ce mata?

MAMA: Na ce sai ta zo.

AUTA: To ba ki yi ƙaryar ba tukuna.

MAMA: Gobe zan yi ta, kuma da kyau zan yi. Yayarka ta ce har kuka na iya.

AUTA: Shi Baba me ya ce?

MAMA: Ka san babanka. Ya ajiye shayinsa, ya tashi ya fara kwashe takalmansa. Jiya na same shi gaban madubi yana gwada tamke fuska, wai ko za a kira shi kotu. Ya juyo ya ce mini, "Haka mugu yake yi?" Wallahi kamar mai ciwon haƙori.

AUTA: Mama, ba zan yarda ba.

MAMA: Ba a tambaye ka ba.

AUTA: Za a tambaye ni jibi. In ta zo zan ce mata ubana shekara ashirin da shida yana tuƙa bas, bai taɓa kwana a waje ba sai ranar da aka yi wa Yaya aiki. Zan ce shi ya koya mini karatu da allon tashoshin mota. Zan ce sau ɗaya ya taɓa marina, ranar da na ɗauko biron wani daga makaranta, kuma ya taka da ni har gidansu na mayar.

MAMA: Sai ka ruɓe a ciki saboda biro.

AUTA: Ni na buɗe ƙofar bayan shagon da nake wa aiki. Maigidan ya amince da ni ya ba ni makulli, ni na saka shi na murɗa, muka kwashe kwamfutocin. Ba yunwa nake ji ba. So nake su Ɗan Likita su daina kirana ɗan Baba. Wannan shi ne dalilin, ba shi da kyau, amma nawa ne. Ba fatata ce ta murɗa makullin ba, ba Baba ba ne.

MAMA: Kana jin daɗin bakinka. Kai ka ga ɗan maƙwabciyarmu da ya yi wata goma sha takwas? Ya fito ba ya iya zama a ɗaki in ƙofa a rufe take. Uwarsa ce ke yanka masa farce. Ni zan zauna in kalli hakan saboda kar a ɓata sunan babanka a takardar da ba wanda zai sake karantawa?

AUTA: Za a karanta ta a kotu da ƙarfi, yana zaune.

MAMA: Ya ce zai jure.

AUTA: Na san zai jure, shi ya sa ba na so. Kuma takardar ba ta mutuwa. Irinta suke tarawa, shekara ta zagayo wani mai tabarau ya fito a talabijin ya ce ga shi, baƙaƙe ba sa zama da 'ya'yansu, shi ya sa 'ya'yan ke sata. Kin tuna yadda Baba yake kashe talabijin in an fara wannan maganar? Yanzu shi za a ƙirga a ciki.

MAMA: Su ƙirga. Sun daɗe suna zaginmu a banza, wannan karon dai zagin zai yi mini amfani.

AUTA: Malam, ka ɗan yi haƙuri, saura kaɗan. Ba da ke nake ba, Mama, layi ne a bayana. Ki saurare ni. Wanda muke ɗaki ɗaya da shi, Dogo, shi da gaske ubansa ya tafi. Yana da tabon ƙunar dutsen guga a kafaɗa, aikin uban ne kafin ya tafi. Da na ba shi labarin Baba, cewa ya yi in sake faɗa masa wurin da Baba ke tashina sallar asuba da jan babban yatsa. Sau uku na faɗa masa. Wannan labarin da kike son ba matar nan nasa ne. In na ɗauka, na sake yin sata ke nan, kuma a wurin wanda ba shi da komai.

MAMA: Shi Dogon zai yi maka shekara biyun?

AUTA: A'a. Ni zan yi.

MAMA: Kai ka taɓa haihuwa? Ka san yadda nake wucewa ta ƙofar ɗakinka?

AUTA: Ban sani ba. Ki yafe mini, Mama, ni na jawo miki. Amma na kunyata shi sau ɗaya, kar ki taya ni na biyu.

MAMA: Taurin kan nan dai ba a wurina ka samo ba.

AUTA: Kowa ya san inda na samo. Ina Baban yake yanzu?

MAMA: Yana kicin.

AUTA: Me yake yi a kicin?

MAMA: Fenti.

AUTA: Fentin me?

MAMA: Katakon ƙofa. Yayarka ce ta lura. Layukan nan da yake ja muku duk shekara in ya auna tsayinku, da rubutun hannunsa da kwanan wata. Naka sun kai har shekara goma sha takwas. In matar ta gani, ta ga mutumin da ya gudu yana dawowa duk shekara da biro da abin awo.

AUTA: Ya fara?

MAMA: Ina jin warin daga nan.

AUTA: Ba shi wayar.

MAMA: Tun da aka kama ka bai yarda ya yi magana da kai ba, ka sani.

AUTA: Na'urar ta ce saura minti ɗaya. Don Allah, Mama, kai masa.

MAMA: Baban yara, ajiye burushin nan. Ɗanka ne. A'a, ba zan faɗa masa komai ba, ka faɗa masa da bakinka. Ya ce ba ya so, wai zai tona mu jibi. Riƙe, kar ka shafa wa wayar fenti.

BABA: Salamu alaikum.

AUTA: Wa alaikumus salam. Baba, ina wuni?

BABA: Lafiya. Na ji abin da uwarka ta ce. Ka san shekara biyu ce?

AUTA: Na sani, Baba.

BABA: Ba wanda ya zuga ka?

AUTA: Ba kowa.

BABA: Za ka iya?

AUTA: Ban sani ba. Amma wancan ɗin na san ba zan iya ba.

BABA: To.

AUTA: Ka shafe duka?

BABA: Daga sama na fara. Na ci goma sha takwas da sha bakwai. Bai bushe ba, tsumma zai fitar.

AUTA: Baba, ka yafe...

BABA: Wannan sai mun haɗu ido da ido, ba a waya ba. Ke, dawo da kujerar nan inda take. Hoton ma. Maman yara, ki goge mini rigar aiki, mai lambar nan.

AUTA: Aiki za ka fita gobe?

BABA: A'a. Ƙarfe nawa ta ce za ta zo, tara? To ni zan buɗe mata ƙofa, in ga ko za ta tambaye ni shekara nawa da tafi...