Ragon Sunan Hadiza

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki, ya iyali? Ni manomi ne daga Damri.

An haifi ɗiyata Hadiza ba ta da mafitar bayan gida. Cikinta ya kumbura, likita ya ce sai an yi aiki. Ba ni da komai sai ragon sunanta. Yayana ya ce, "Haba ƙanena, ka sayar da rago don jinjirar da ko suna ba ta da shi?" Na sayar, anka yi aiki, munka raɗa suna da dabino.

Yanzu shekararta biyar, kullum tana kan cinyar yayan nawa. Shekaranjiya ya jawo rago har ƙofar gidana.

Malamai, ya halatta in yanka mata yanzu?