Ramin da Na Ɓoye wa Odile

Mai girma Magajiyar Gari, Madam Colnat. Fada, limamin cocinmu, da ya yi mana addu'a ɗazu. Shugaban ƙungiyar masu tattaki da ya taso tun daga birni. Direbobin da suka yi aiki da ita. Sannan ke Maud, 'yar marigayiya, da mijinki da yaranki. Da ku mutanen Valfroide baki ɗaya. Na gaishe ku, kowa da matsayinsa. Sannunmu da rashi.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Firmin Remy, shekarata tamanin da huɗu. Babu takarda a hannuna domin ban iya karanta ta ba. An ce sakatariya tana ɗaukar maganata, za ta rubuta a raba wa jama'a. Na yarda, amma kada a gyara mini ko kalma ɗaya. Har wadda za ta kunyata ni, a bar ta yadda ta fito.

Odile Grandemange ta kasance direbar bas ɗinmu shekara ashirin da tara, daga tashar jirgin ƙasa ta birni har tsohon injin katako na bakin daji, inda kwalta ta ƙare. Ta kai mu asibiti, ta kai 'ya'yanmu makaranta, ta kawo mana baƙi masu jakar baya da sanda bibbiyu kamar waɗanda suka karye. Ta kasance mai faɗa, kun sani, in ka shigo mata da taɓo a takalmi sai ka ji sunan kakanka. Ta kasance kuma mai ƙirga kai. In ta sauke mutum tara a bakin daji da safe, ba ta tayar da motar ƙarfe biyar sai ta ga tara. Ba wanda ya sa ta. Mu dai mun saba, in bas ta makara mun san wani ne bai fito ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, ranar wani hazo, ta sauke takwas, bakwai suka dawo. Ta bar su a mota, ta tako har ƙofata.

Ta ce, "Baba Firmin, sa takalminka."

Na ce, "Ina cin abinci."

"Miyar ba za ta gudu ba. Mutumina ɗaya bai dawo ba, mai jar hula."

"Mutuminki? Aurensa kika yi?"

"Ni na kawo shi. Tashi, tsoho mai taurin kai."

Kafin rana ta faɗi muka ji shi. Ba mu gan shi ba, jin sa muka yi. Muryar mutum tana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, tana kiran uwarsa. Ya taka gansakuka, ruɓaɓɓen katakon da ke ƙasanta ya rufta da shi. Ƙafa kawai ya karye, domin ya yi sa'a, ramin da ya faɗa shi ne mafi gajarta cikin ramukan da kakannin kakanninmu suka haƙa suna neman azurfa. Taswira ta nuna huɗu. Sauran suna cikin kaina, kakana ya nuna mini su yana riƙe da wuyan rigata.

Satin bai fita ba ta zo da gwangwanin fenti ruwan ɗorawa da buroshi. Ta ce, "Kai baki, ni hannu." Haka muka yi ta yi kowace bazara. Layi ɗaya a jikin itace, wato bi nan. Gicciye, wato ba nan ba, koma. Ta san da gicciye nake sa hannu a ofis, to duk wanda ta zana sai ta juyo tana dariya, ta ce, "Ga sunanka, Baba Firmin. Duk inda aka gan shi, a juya baya."

Ta kasance ba ta zana alama sai ta ja da baya ta dube ta daga inda baƙo zai tsaya. Ta kasance tana cewa baƙon da ya hau bas ba shi da kowa a nan sai direba da fenti. Bayan ta bar tuƙi ba ta bar fentin ba. Tun daga ranar mai jar hula har yau ba wanda ya sake faɗawa rami a dajinmu, kuma mu mun san hannun wa ya yi haka.

Yanzu zan faɗi abin da na ɓoye mata.

Ramuka shida na nuna mata. Bakwai ne.

A gefen na bakwai ne naman kaza ke tsirowa bayan ruwan kaka, irin mai kauri da kuke gani a kwandona kuna tambaya ina murmushi. Wurin babana ne, kafin shi na kakana. Kun san halinmu. Mutum zai gaya maka ciwonsa, ya gaya maka sirrin gidansa, amma ba zai gaya maka inda yake tsintar naman kazansa ba. Fada, kai ma kana da naka, na gan ka da kwando a bayan maƙabarta. Na ce wa kaina ramin yana nesa da hanya, taku ɗari uku, me zai kai baƙo can? In aka zana gicciye a wurin, duk mai wayo a garin nan zai je ya ga me tsoho yake yi a gefen rami.

A watan Agusta na je duba ta a asibiti. Ta rame, amma idon yana nan.

Ta ce, "Shida ne, Baba Firmin?"

Na ce, "Shida."

"Kalle ni."

"Shida, na ce."

"Mahaifiyata ta ce babanka in ya sha giya yakan ce bakwai."

"Babana in ya sha, yatsunsa ma sha biyu suke zama."

Ba ta yi dariya ba. Ta juya fuska bango, ta ce, "To. Ni dai na ƙirga nawa." Kwana tara bayan haka ta rasu.

Guguwar da aka yi sati biyu da suka wuce ta kayar da manyan itatuwa uku a kan hanya, sama da Maɓuɓɓugar Sanyi. Ranar Talata na hau. Awa uku na yi a tafiyar da dā nake yi cikin minti arba'in. Na tarar mutane ba sa tsallake itatuwan, sun fi ƙarfin tsallakewa, sai su ratse hagu, su gangara. Har sun fara fitar da sabuwar 'yar hanya, kuma kowane mai zuwa yana ƙara gangarawa fiye da na gabansa. Sawun ƙarshe da na gani taku ashirin ne tsakaninsa da ramin. Ƙaramin sawu ne, ko na mace ko na yaro. Wurin kuwa lumui yake, kore shar, irin inda gajiyayye zai so ya zauna ya ci burodinsa. Wannan ramin ba irin na mai jar hula ba ne. Kakana ya jefa dutse a ciki, na ƙirga har huɗu kafin in ji ruwa.

Na ɗaura jan ƙyallen wuyana a reshe, na sauko. Ranar Laraba na je har ƙofar ofishinki, Magajiya, na riƙe marfin, na sake shi, na koma gida. Irin mutumin da nake ke nan. Sai ga shi ɗazu kin tsaya a nan kin sanar jibi Lahadi bas ɗin tara da minti goma za ta kawo mutum arba'in, har da yara, su bi hanyar Odile domin tunawa da ita. Jikokinta a gaba. Da na ji, sai muryar nan ta ƙarƙashin ƙasa ta dawo mini a kunne.

Sakatariya, rubuta wannan da kyau, domin mai shekaru irin nawa ba ya yi wa gobe alkawari. Daga Maɓuɓɓugar Sanyi a hau zuwa itatuwan da suka faɗi. A dubi hagu, akwai dutse mai tsaga a tsakiya. Daga dutsen, taku sittin a gangare, tsakanin kututture biyu. Nan ne. Zan maimaita: dutse mai tsaga, taku sittin, kututture biyu. Na ga wasu suna motsa baki suna haddacewa, na kuma san ba don ramin ba ne. Ku je ku tsinci naman kazan. Ku tsaya ta gefen dutsen kawai, kada ku taka koren.

Magajiya, a rufe hanyar nan yau, kada a jira taro. Gobe a kai waya da turaku a kewaye shi. Wanda yake da tarakta ya zo ƙofata ƙarfe takwas ya ɗora ni, gwiwata ba za ta sake hawa ba.

Maud, 'yata, ɗago ki dube ni. Na yi wa mahaifiyarki ƙarya tana kan gadon mutuwa, ta kuma san ƙarya ce. Ban nemi ki yafe mini yau ba, akwai lokaci. Gwangwaninta nake roƙo, yana bayan ƙofar ɗakin ajiyarku, buroshin na cikin kwalba. Ki ba ni aronsa. Ban iya rubutu ba, amma wannan harafi ɗaya na iya shi, shekara saba'in ina rubuta shi. Ni zan zana.

Na gode muku da kuka saurare ni ba ku katse ni ba. Na gode wa direbobi da suka zo da bas ɗinta suka ajiye a ƙofa. Allah ya jiƙan Odile, ya haskaka makwancinta, ya ba Maud da yaranta haƙuri. Allah ya tsare duk wanda zai taka dajinmu daga yanzu zuwa gobe da safe. Ranar Lahadi kuma, in arba'in sun sauka, Allah ya sa arba'in su hau.