Makullin Babur Ɗin Da Na Riƙe A Hanyar Mairuwa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu sauraro baki ɗaya. Sunana Lawal daga Tafoki, ɗan sandan sa-kai ne ni.

Wata ranar kasuwa muna shingen bincike a hanyar Mairuwa, sai ga wani dattijo bisa babur ya goyo matarshi. Don kawai bai tsaya inda na nuna ba, na daka mashi tsawa, na zare makullin.

Ya ce, "Ɗana, yi haƙuri, Hajiya ce ba lafiya, asibiti za mu."

Na ce, "Kowa haka yake cewa. Koma gefe!"

Sun daɗe cikin rana kafin ogana ya zo ya miƙa mashi makullin yana ba shi haƙuri. Baba bai zage ni ba, ya dai ce, "Allah ya shirye ka."

Bayan kwana biyu na ji matar ta rasu. Ban sani ba ko jinkirin ne sanadi. Sau biyu ina zuwa ƙofar gidanshi a Ruwan Godiya, in kasa shiga.

Malam, ku ba ni shawara: da wane baki zan nemi gafararshi?