'Yata Ce Ta Jona Su

Allon ɗakin magani na asibiti ya ɗauke, layi ya tsaya cak. Wata mata a kan benci ta tafa hannu.

"Kwamfuta ta ce akwai allurar ciwon sugan babata, an duba kanta babu! Wane shashasha ne ya haɗa wannan abu?"

Wani tsohon direba da ke gefenta ya gyara hula. "Sassauta, Hajiya. 'Yata ce."

"Au! To sannu da haihuwa, Baba."

"Yawwa. Da can kowane sito da nasa lissafin. Ita ta jona manhajarta da rumbunan bayanansu kaf, daga kujerarta take ganin kowace kwalba."

"Ita ta gani, ni ban gani ba."

"Ba laifinta ba ne! Wani sito da kwali yake ƙirga, wani da kwalba, na'ura ta cakuɗa su. Tana ciki tana warwarewa."

"Kai ka gane aikin kuwa?"

"Ko kaɗan. Amma ni na riƙa kai ta makaranta."

Allon ya kawo. Mai ba da magani ta leƙo. "Hajiya, allurarki tana reshenmu na ƙetaren titi, an ajiye miki!"

Matar ta zabura. "Baba, a gaishe min da ita."

Bai gama murmushi ba, wani ƙato ya banko ƙofa, makullai na kaɗawa a ƙugunsa.

"Ina wadda ta leƙa bayanan sitona? Wai kwalaben magani sun ɓace a hannuna!"

Tsohon ya miƙe, ya tare hanya.

"Ga ubanta nan."