Kuka Uku Ne, Na Ƙirga Biyar

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Abdulmutallib, wanda ya kwashe atamfofinsa daga shagon bayan kasuwa ya ba mu wurin muka yi wata uku muna karatu. Wakilan hukuma da suka baro aikinsu. Malamanmu da limamanmu. Iyayenmu mata na ƙungiyar manoma ta Jiratawa, da shugabarsu Hajiya Atika. Ƴan'uwa da suka taso daga Tsibiri tun da hantsi bisa kabu-kabu. Ɗalibai goma sha huɗu da za su karɓi takardar shaida a yau. Jama'ar Maraɗi maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gode wa Allah da ya kawo mu yau. Ina gode wa Alhaji saboda ɗaki da wuta, ina gode wa mazajen da suka yarda matansu suka zo koyon aikin da ake cewa na maza ne, ina kuma gode muku da kuka zo a shekarar da kowa yake da abin da ya dame shi a gida.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Hafizu, ɗalibai kan ce mini Mushe, wato malam da Faransanci. Na yi shekara ashirin ina gyaran rediyo, na yi goma sha ɗaya ina gyaran ordinatar, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa. An ce in tashi in yi murna. Zan yi murnar, amma ku gafarce ni, zuciyata ba a kwance take ba, kuma kafin in zauna za ku ji dalili.

Magana ta farko, ku iyayenmu da ba ku zauna aji ba, kuna da hakkin sanin abin da muka koya wa waɗannan mutane. Ordinatar tana da sassa uku da suka fi muhimmanci. Akwai rumbunta, inda takardu da sunaye suke kwana ko an kashe wuta. Akwai baret, wani ɗan allo siriri mai haƙoran tagulla, wanda shi ne kamar kwanon saman injin niƙa, inda ake zuba abin da ake aiki da shi a yanzu. Sai furosesa, wanda shi ne injin niƙan kansa. Faɗinsa bai kai kwalin ashana ba, kuma ba shi da wayon da ake ba shi. Tarawa ya sani, da gwada wannan da wancan, da ɗauke abu daga nan ya kai can. Amma yana yin haka sau miliyoyi kafin ka ƙifta ido, shi ya sa yake zafi kamar dutsen guga, shi ya sa ake ɗora masa fanka a ka. In fankar ta tsaya, shi ma ya kusa tsayawa. A Tsibiri na taɓa buɗe wata na'ura da take ta kuka kamar jiniya, sama da ƙasa, sama da ƙasa, sai na tarar zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a tsakiyar fankar. Da tsinke na gyara ta.

Magana ta biyu, duk lokacin da aka kunna na'ura, kafin ta nuna komai, sai ta bi sassanta ɗaya bayan ɗaya ta duba lafiyarsu. In ta same su lafiya, ta yi ɗan kuka guda, tit, aiki ya kama. In ta sami matsala alhali ekran, wato gilashin fuskarta, bai haska ba balle ta rubuta, to da kuka za ta faɗa. A irin tsoffin na'urorin da aka fi kawo mana, gajeren kuka uku yana nufin baret, biyar yana nufin furosesa, dogo ɗaya da gajeru a bayansa yana nuni ga katin hoto. Kowane kamfani da irin ƙirgarsa, don haka ba a yanke hukunci sai an duba takardar na'urar. Wannan shi ne rabin sana'armu: ka yi shiru, ka saurara, ka ƙirga.

Magana ta uku ita ce mai nauyi, kuma a kaina take.

Kun san shekarar da muke ciki. Bara mun sha rigimar tazarce, farkon bana sojoji suka karɓi mulki, ga damanar bara ba ta yi kyau ba, rumbuna suka ƙare tun kafin bazara, mutane suka ci har irin da suka ajiye. A watan Yuni wata ƙungiyar agaji ta kawo irin hatsi da na wake Jiratawa, domin gidaje ɗari biyu da goma sha huɗu masu gonakin tudu. Mata sun yi kwana tara suna tantance sunayen a bainar jama'a, don kada a ce an fifita ƴan wata jam'iyya. Sakatariyarsu, Malama Tahira, ga ta can zaune a sahun ɗalibai, ita ta shigar da sunayen cikin na'urar ƙungiya. Mai riƙe da mabuɗin sito ya ce ba zai buɗe ba sai ya ga sunayen an buga su daga na'ura, domin duk wanda aka sake rubutawa da hannu, gobe za a ce an cusa wani an cire wani.

Ranar Litinin da safe, ranar da za a buga, aka kunna na'ura, ekran ya tsaya baƙi ƙirin, sai kuka. Aka kira ni, na hau babur na iso. Ɗakin cike da mata, waje cike da mata, kowace da buhunta a naɗe a hammata. Na kunna, na kara kunne, na ƙirga biyar, na kashe. Na ce furosesa ne ya mutu.

Malama Tahira ta sunkuyo ta ce mini a hankali, don kada a ji, "Mushe Hafizu, ni fa kamar uku na ji."

Jama'a, ga amsar da na ba ta, kuma a gaban mutane na ba ta. Na ce, "Malama, sati nawa kika yi a ajina? Ni shekara nawa?" Ta koma bakin ƙofa.

Na so in cire rumbun na'urar in kai Maraɗi in buga sunayen a wata. Hajiya Atika ta dafa teburin ta ce, "Malam, mun yi ma mata rantsuwa sunayen ga ba su hita ɗakin ga. In sunka hita, ba mai yarda da su kuma." Gaskiya ta faɗa. Na nemi wanda zai ara mini na'ura mai karɓar irin wannan tsohon rumbu in kawo, ban samu ba. Irin furosesan kuwa babu shi a garin nan. Sai na roƙi abokina Sha'ibu, mai zuwa Kano ɗauko kaya, ya nemo mini. Ya tafi Talata.

Talatar nan da la'asar ruwan shuka ya sauka. Ruwa mai kyau, wanda ya jiƙa ƙasa har kamu guda. Duk manomin da yake zauren nan ya san rairayin tudu ba ya jira, kwana biyu ne ko uku ya bushe. Laraba na bi hanyar Jiratawa, na ga masu iri sun fita da sungumi, iyalansu na bin su suna binnewa. A ƙofar sito kuwa mata na zaune a ƙasa, buhu a cinya, suna kallon kwaɗo a jikin ƙofa. Wata tsohuwa ta tare babur ɗina ta ce, "Ɗana, kai ne likitan injin? Yaushe za ya tashi?" Na ce mata gobe. Alhamis ta sake tambaya, na sake cewa gobe.

Sha'ibu ya dawo Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na cire tsohon furosesa, na sa wanda ya kawo, na shafa masa mai, na ɗaura fanka. Na kunna. Kukan nan dai, bai canza ba.

A nan ne Malama Tahira ta matso, ta ɗora yatsa bisa tebur a gaban idona. Na'ura na kuka, tana ƙwanƙwasawa. Ɗaya, biyu, uku, ta ɗaga yatsa. Ɗaya, biyu, uku, ta ɗaga yatsa. Ashe uku take yi ta huta, ta sake uku. Ni kuwa wata takwas ke nan kunnena na dama yana yi mini wani siririn kuka dare da rana, ban faɗa wa kowa ba, har matata. Shi ya cike mini wurin hutun, na haɗa ukun farko da biyu daga na baya, na kashe na'ura kafin ta gama magana.

Na zare baret, na goge haƙoransa da gom, abin goge rubutun nan na ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, na mayar na danna. Tit. Ekran ya haska, sunaye suka fito. Aikin minti biyar. Matan waje suka rangaɗa guɗa, ni kuwa na kasa ɗaga kaina. Hajiya Atika ta dube ni ta ce, "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, Malam." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Asabar aka raba iri, ƙasa ta riga ta bushe. Ruwa bai sake sauka ba sai bayan kwana goma sha shida. Shekaranjiya na je na duba gonakin. Hatsin maƙwabtansu ya fid da kai yana bunni, nasu ko ciki bai gama yi ba, ga damana tana haramar tafiya. In Allah ya ƙaro ruwa biyu, za su samu. In bai zo ba, gidaje ɗari biyu da goma sha huɗu za su shiga shekara ta biyu ta yunwa, kuma ni na san inda kwana huɗun nan suka tafi.

Na je asibiti, likita ya ce kunnen ba zai dawo ba, na hagun ma ya fara. Shi ya sa nake tsoro, jama'a. Ina tsoro domin sunayenmu sun bar takarda sun koma cikin na'ura: sunayen masu karɓar iri, sunayen ƴan makaranta, sunayen marasa lafiya. Ina tsoro domin na'urorin tsofaffi ne, sun gama aikinsu a wata ƙasa kafin su iso mana, ga zafi, ga wuta tana zuwa tana ɗaukewa. Ina tsoro domin ga ƙuri'ar raba gardama tafe, ga zaɓuɓɓuka a bayanta, a lokacin da zukata suka cika da zargi, inda na'ura ɗaya ta ƙi tashi da safe za a ce da gangan ne, kuma kafin azahar magana ta zama ta jam'iyya.

Saboda haka ina da roƙo.

Ku shugabannin ƙungiyoyi, duk sunan da ya shiga na'ura a buga shi a takarda a ranar, a sa hannu, a ajiye. Kada a sake barin abincin mutane a hannun ɗan allon da bai kai tsawon yatsa biyu ba.

Ku alhazanmu masu zuwa Kano da Kwatano da Dubai, manyan motocinku suna dawowa da shinkafa da yadi. Ku bar mana wurin kwali ɗaya. Baret, fanka, furosesa, a ajiye su a garin nan, don kada gyaran Jiratawa ya sake jiran hanyar Kano.

Ku kuma ɗalibaina, kada ku kashe na'ura sai ta maimaita kukanta sau uku. Kada ku ƙirga ku kaɗai in akwai wani a ɗakin. Ku fara da abu mai sauƙi kafin ku yanke wa babba hukunci. In wanda bai kai ku ba ya ce muku ba haka ya ji ba, ku sake kunnawa. Sake kunnawa bai fi ƙiftawar ido ba, ni na ƙi yi.

Malama Tahira, a gaban mutane na ƙasƙantar da ke, a gaban mutane nake neman gafararki. Na yi magana da Alhaji ya amince, daga wata mai kamawa ke za ki riƙe ajin nan. Ni zan zauna a gefe in riƙe miki sukurdireba muddin idona yana gani.

Ya Allah, ka shayar da gonakin Jiratawa da na Tsibiri da na duk ƙasar nan, ka cika mana damanar nan da alheri. Ya Allah, kada ka kama matan nan da ƴaƴansu da kuskuren da ba nasu ba. Ka sa albarka a hannun waɗannan goma sha huɗu, ka tsare musu jinsu da ganinsu. Ka kai mu zaɓe lafiya, ka fid da mu lafiya, ka ba ƙasarmu shugabanni masu tausayi. Ka saka wa Alhaji da alheri, ka mai da kowa gidansa cikin aminci.

Ku yafe mini, ku sa matan nan a addu'a. Na gode.