Ina Tsaye da Tukunya, Ita Yake Kallo

Gaisuwa gare ka, mai gabatarwa, da dukan masu sauraro. Ni ce Saratu, daga kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa a Kafanchan.

Ba zan manta da wata Lahadi ba. Dawowarmu daga sujada ke nan fuka ta taso wa maigidana Bulus, ƙirjinsa yana kuka kamar usur. A da ni nake tafasa masa ruwa ya shaƙi tururi, in tallafi kansa har ta lafa, kamar matan littattafan soyayyar da nake karantawa. Ran nan kuwa da ƙyar ya ce, "Kira Sista."

Sista Ngozi maƙwabciyarmu ce, ma'aikaciyar jinya ce a asibiti. Ta karɓi ɗan famfon shaƙar magani da likita ya ba shi, ta ga yadda yake fesawa, ta dafa ƙirjinsa ta ce, "Oga, a kan harshenka kake fesawa! Hanyoyin iska ne suka tsuke a ciki. Fitar da numfashi, danna kana ja a hankali, ka riƙe, magani ya kai huhu ya buɗe su."

Ya yi hakan, numfashi ya dawo. Irin kallon da ya yi mata, ban taɓa samunsa ba, ga ni tsaye da tukunya. Har ya ce, "Saratu, ruwan zafinki ya huta."

Yanzu kullum sai "Sista ta ce". Ko gaishe ta ba na iyawa. Jama'a, laifi ne in ji haushi? Ni dai ranar Litinin zan bi shi asibiti, likita ya koya mini famfon nan da kansa.