Ranar da Na Wanke Angona da Hannu Mai Rawa

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, iyayena da ƙannena na wannan zumunta. Ku yi mini haƙuri in zauna in yi magana, ƙafar nan ba ta son doguwar tsayuwa.

Ga baƙinmu, ni ce Rifkatu mai ƙosai. Asalinmu wani ƙauye ne ta wajen Kausani, amma a nan Wudil na yi aure, na haihu, na binne maigidana.

Wasunku sun tuna lokacin da babur ya kwashe ni kusa da gada, cinyata ta karye, aka sa mini ƙarfe. Likita ne ya rubuta mini tiramol saboda zafi. Ƙashi ya ɗoru, amma ni da ƙwayar ba mu rabu ba. In na sha, sai in yi ta gyangyaɗi a gaban kasko. In ban sha ba, ko kaza ta gifta sai in ji kamar tsokanata take yi.

Ana nan sai ga 'yata ta fari, wadda kun san ba na kama sunanta, da cikin fari. Mijinta ya aiko cewa gida za ta zo ta haihu, ta yi wankan jego a hannuna kamar yadda aka saba. Kowa na yi mini barka, ni kuwa gabana sai faɗuwa yake yi. Tsohuwar da ke barci a gaban tafasasshen mai, ita za a miƙa wa jariri?

Na koma wurin likita na faɗa masa komai. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce kada in kuskura in yanke a rana ɗaya, ya riƙa rage mini kaɗan-kaɗan har muka kai ta ƙarshe. Ya kuma gargaɗe ni cewa jiki zai yi bore. Na ce, "Haba likita, ni da na haifi shida?" Ashe ban san komai ba!

Na ɗauka zan warware kafin haihuwa. Amma yaron nan ɗan gaggawa ne. Ina gama ƙwayar ba da jimawa ba sai ga shi, namiji, tubarkalla.

'Yan'uwa, kada Allah Ya nuna muku abin da na gani a makon nan! Hamma ba iyaka. Hanci na zuba, ido na zuba, ba mura ba, ba kuka ba. In ji sanyi har cikin ƙashi, can kuma gumi ya jiƙa mini zane. Ciki ya ɓaci. Ƙafafuna suka ƙi zama wuri guda. Sai tsoro, tsoron da ban san na mene ne ba, zuciya na ta dukan uku-uku. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hannuwana. Ko kofin ruwa na ɗauka, rabinsa a ƙasa yake ƙarewa.

Da aka sallamo su daga asibiti, 'yan barka suka cika gidan. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Kaka, ina angon naki? Ba za ki ɗauke shi mu gani ba?" Sai in yi dariyar dole in ce, "Ku bar shi, mijin da ya zo ba ko sisin cefane!" Su yi ta shewa. Ba su san hannuna na ɓoye a cikin mayafi ba.

Washegari da safe na hura wuta, na ɗora tukunyar wanka da ganyen darbejiya. Ruwa ya tafasa. Yaro na tsala kuka a ɗaki. Uwarsa ta leƙo ta ce, "Mama, ruwan ya yi? Ga shi ya ɓata jikinsa."

A nan na tuna akwai ƙwaya ɗaya da ta maƙale a ƙasan jakar da nake zuwa coci da ita. Na shiga na lalubo ta, na dawo bakin murhu da ita a tafin hannuna. Zuciya ta ce, guda ɗaya ce fa, don yaron ne, hannu zai tsaya. Wata zuciyar ta ce, in ya tsaya yau, gobe fa? Arba'in za a yi ana wankan nan. Kuma in barci ya kwashe ki yana kan cinyarki?

In na sha ina tsoro, in ban sha ba ina tsoro. Na durƙusa a cikin hayaƙi na ce, "Yesu, ba ni da hannu! Ka ga wannan yaron, Ka ga ni. Kada Ka bari in yar da shi. Ka ara mini hannunKa!"

Ban ji wata murya ba, rawar ma ba ta tsaya ba. Amma na samu ƙarfin buɗe tafina, ƙwayar ta faɗa cikin wuta. Sai na ƙwala wa Iya Abu kira, maƙwabciyata Musulma da katanga ɗaya ta raba mu, wadda ta wanke jarirai da yawa a unguwarmu.

Ta shigo, na miƙa mata hannuwana a gaban 'yata na ce, "Dubi. Ba zan iya ba."

Ta dube su, ta dube ni. Ta ce, "Subhanallahi! Shi ne kika yi shiru, Rifkatu? To wa ya ce miki a tsaye ake wanke jariri? Zauna a ƙasa ki miƙe ƙafa. Ruwan zafin mai jego ki bar mini shi, amma ango naki ne."

Na zauna a tabarma. Ta surka ruwa, ta kwantar mini da yaron a kan ƙafafuna, ta tallafe kansa. Ina wanke shi ina kuka, ina cewa a raina, yanzu zai suɓuce, yanzu zai suɓuce. Da muka gama ta naɗe shi a zane ta ɗora mini a hannu. Na ce, "Karɓe shi, karɓe shi!" Ta ƙi.

Hannuna na ta kaɗawa. Yaron da ya cika gida da kuka sai ya yi tsit, ya lumshe ido, ya yi barci.

Iya Abu ta ce, "Kin gani? Ke kina cewa ciwo ne, shi kuwa ya ɗauka jijjiga shi ake yi."

'Yata ta fashe da kuka ta ce, "Mama, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ba zan ce muku a ranar na warke ba. Na sake komawa asibiti aka taimake ni, wasunku kuma kuka yi ta zuwa kuna yi mini addu'a. Har yau wani lokaci gabana na faɗuwa haka kawai. Amma ƙwayar nan ba ta sake shiga bakina ba. Ku yabi Ubangiji!

Tsofaffi 'yan'uwana, in akwai mai ɓoye hannu a mayafi, ta fito da shi. Ta je wurin likita, ta kira maƙwabciya, ta dogara ga Yesu ko da jiki bai daina rawa ba tukuna.

Na gode wa Allah. Ga angona can a bayan uwarsa, ku juya ku gan shi. Arba'in cur na wanke shi, ban taɓa yar da shi ba. Amin.